Sabon fasto ne ni a Amurka, me ya sa haraji ya faɗo min a ka haka?

Tambaya: Salama. Na yi shekara shida ina aiki a wani kamfani a nan Amurka, bara aka naɗa ni fasto, wata ƙaramar ikilisiya ta ɗauke ni, suna biyana dala 50,000 a shekara, gidan haya nake da iyalina. Tun da na fara ba a taɓa cire min ko sisi a albashi ba, na ɗauka ai haka ake yi wa masu hidima, sai da na je cike takardun haraji aka ce ana bina dubban daloli har da tara. Wani abokin hidima ya ce in cike fom 4361 in huta. Don Allah ya abin yake ne?

Amsa: Salama Fasto, Allah ya ƙara ƙarfin hidima. Toh ba kai kaɗai ba ne, yawancin sababbin fastoci sai sun sha wannan marin a shekarar farko, kuma fa ba cutarka ikilisiyar ta yi ba, doka ce ba ta ɗora mata cirewa ba.

Kaga hukumar haraji ta IRS fuska biyu take kallon fasto da ita. Wajen harajin kuɗin shiga kai ma'aikacin ikilisiya ne, shi ya sa ake ba ka takardar W-2 mai nuna albashinka na shekara. Amma wajen kuɗin fanshon gwamnati na Social Security da inshorar lafiyar tsofaffi ta Medicare, sai a ɗauke ka kamar mai zaman kansa. Lokacin da kake kamfani kashi 7.65 cikin 100 ake cire maka, kamfanin ya biya nashi 7.65 ɗin ba tare da ka ma sani ba, yanzu kuwa duka biyun a wuyanka suke, kashi 15.3, shi ne ake kira SECA. A albashinka ana fara ɗaukar kashi 92.35 na dala 50,000 tukuna sannan a buga 15.3 a kai, ya kama wajen dala 7,065 a shekara, kusan 590 kowane wata kenan, ba a ma zo maganar harajin kuɗin shiga da na jiha ba. Ɗan sauƙin da ke ciki shi ne rabin SECA ɗin ana rage shi daga abin da za a lissafa maka harajin kuɗin shiga a kai.

Tarar kuma ta zo ne saboda gwamnati ba ta son a tara mata sai ƙarshen shekara. Wanda ba a cire masa a albashi sau huɗu yake biya da fom 1040-ES, 15 ga Afrilu, 15 ga Yuni, 15 ga Satumba, sai 15 ga Janairu na shekara mai zuwa. In kai mutum ne mai mantuwa, ko kuma irin wanda kuɗi ba sa kwana a hannunsa saboda masu zuwa da buƙata, kuma fasto ai ba ya rasa su, to ka cike W-4, fom ɗin da ke faɗin nawa za a riƙa cire maka a albashi, ka roƙi ma'ajin ikilisiya ya riƙa cire maka harajin kuɗin shiga da yardarka, ka sa a cire da yawa yadda zai rufe har SECA. Wannan ya halatta, ni ma shi na fi ba mutane shawara.

Yanzu ga inda na fi jin takaici a labarinka, ba ka ambaci alawus na gida ba ko sau ɗaya, alamar ba a ware maka ba kenan. Sashe na 107 na dokar haraji ya yarda fasto ya cire kuɗin da ya kashe a kan mazauni daga abin da ake lissafa masa harajin kuɗin shiga a kai, haya ko biyan bashin gida, wuta, ruwa, gas, kayan ɗaki, gyare-gyare, inshorar gida, duk sun shiga. Tsohuwar doka ce, tun 1921 aka yafe wa mai zama a gidan ikilisiya, a 1954 aka haɗa da wanda ake ba kuɗi a hannu, an ma kai ƙara a soke ta amma kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke Chicago ta tabbatar da ita a 2019. Ba Kiristoci kaɗai ke cin moriyarta ba, limaman masallaci da malaman Yahudawa ma suna ciki.

Sai dai sharaɗinta mai tsauri ne, dole dattawan ikilisiya su zauna su ware adadin kafin a biya ka, a rubuta a takardar taro ko a kasafin kuɗi. Ba a komawa baya. Ta bara ta wuce sai haƙuri, ta bana ma daga ranar da aka rubuta za ta fara aiki, don haka kada ka jira taron ƙarshen shekara. Kuma abin da za ka cire shi ne mafi ƙanƙanta cikin uku: abin da aka ware, abin da ka kashe da gaske, ko kuɗin hayar gida irin naka da kayan ciki da wuta da ruwa a kasuwa. Wannan na ukun majalisar dokokin Amurka ce ta ƙara shi ƙarara a 2002 bayan shari'ar Fasto Rick Warren da IRS. Misali in aka ware maka dala 18,000 kuma ka kashe su, a kan 32,000 za a fara lissafin harajin kuɗin shiga, in ka kashe 15,000 ne kawai to ragowar 3,000 sai ka mayar cikin kuɗin shiga, saboda haka rasit ko na kwan fitila ne ka adana. Amma kada ka manta SECA ba ruwanta da wannan rangwamen, a kan 50,000 ɗin take nan daram, mai zama a gidan ikilisiya kyauta ma sai an ƙiyasta hayar gidan an sa masa a lissafinta.

Maganar fom 4361 kuwa, wato na neman a yafe maka biyan SECA a kan aikin hidima, Fasto ka yi a hankali. Ba fom ɗin neman sauƙi ba ne, in ka sa hannu kana shaidawa ne cewa saboda aƙidar addini ko lamirinka ba ka yarda ka karɓi tallafin inshorar gwamnati a kan aikin hidima ba, sai ka sanar da waɗanda suka naɗa ka, kuma ƙarya a kai laifi ne. Wanda ya yi shekara shida yana biya a kamfani bai ji komai a ransa ba, sai yau da ya ga bil, ka tambayi kanka da kanka. Yana da wa'adi, ranar shigar da takardun haraji na shekara ta biyu da ka samu dala 400 ko fiye daga hidima, in an amince kuma ba ka da ikon janyewa. Sannan ka duba me za ka bari: ana buƙatar maki 40 na Social Security kafin a ci fansho, huɗu ake samu a shekara, kai 24 ke gare ka in sun yi yawa, ga kuɗin naƙasa in ciwo ya kwantar da kai, ga abin da za a riƙa ba uwargida da yara in ta Allah ta kasance. Masu cewa za su ajiye kuɗin da kansu, ajiyewar ce takan gagara.

Kuɗin da ake ba ka na ɗaurin aure ko jana'iza ko wa'azi a wata ikilisiya, duk kuɗin shiga ne, ka riƙa rubutawa. Baikon da ikilisiya ta tattara ta ba ka lokacin Kirsimeti shi ma haka, ko an kira shi kyauta. Man mota na ziyarar marasa lafiya da littattafai da kuɗin taro kuma kada ka riƙa biya daga aljihunka, ku tsara da dattawa ka kawo rasit su mayar maka, wannan ba haraji a kansa.

Na ƙarshe, ka tambayi ɗarikarku ko tana da asusun ritaya na 403(b)(9), don kuɗin da fasto ya ciro daga cikinsa bayan ya yi ritaya ana iya ware su a matsayin alawus na gida, in ka kwashe ka mayar IRA, wato asusun ritaya da mutum ke buɗe wa kansa, ka rasa wannan. Bashin bara kuma ka shigar da takardun a kan lokaci ko ba ka da kuɗin biya, tarar ƙin shigarwa ta fi ta jinkirin biya zafi nesa ba kusa ba, daga nan sai ka nemi IRS su yanka maka biya wata-wata. In za ka ɗauki akanta, tambayar farko da za ka yi masa ita ce fastoci nawa ya taɓa yi wa aiki.