Layi ɗaya zai ɗauki kayan kicin gaba ɗaya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Gini muke yi, an rufa kwano, saura wayarin da filasta. Mai wayarin ya ce layi ɗaya zai ja wa kicin, wai ya isa. Ni kuma hankalina bai kwanta ba, domin a gidan hayar da muke, da zarar na jona butar lantarki da na'urar ɗumama abinci da ƙaramin murhu, bayan 'yan mintoci sai bireka ta faɗi. Maigida ya ce a sa babbar bireka kawai a huta. Ina da firiji da firiza, kuma ina son sayen babban murhu mai oben. Yaya ya kamata a raba? Daga wata uwargida.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Layi ɗaya ba zai isa ba, kuma kin yi tambayar a kan kari, tun ba a rufe bututun waya da siminti ba.

Ki juya kowace na'ura, za ki ga an rubuta wat ɗinta, wato yawan wutar da take ci, a ƙasa ko a baya. Ki raba wat da ƙarfin wutar gidan, wato bolt, abin da ya fito shi ne amp ɗin da take ja, ma'aunin da ake rubutawa a jikin bireka. A inda wuta take bolt 230, buta mai wat 3,000 tana jan amp 13. Ta ɗumama abinci wajen 6, ƙaramin murhu mai wat 1,500 shi ma 6 da 'yan kai. Kin ga an haura 25 ke nan. In birekar gidan hayarku mai amp 16 ce, ba lalacewa ta yi ba, aikinta take yi. Dalilin da ya sa ba ta faɗuwa nan take kuwa, akwai wani siririn ƙarfe a cikinta da sai ya ɗauki zafi ya lanƙwashe kafin ya yanke wutar.

Shawarar maigida kam, a yi haƙuri, ita ce mafi haɗari a wasiƙar nan. Bireka ba na'urarki take karewa ba, wayar da ke cikin bango take karewa. In aka cire mai 16 aka sa mai 32 alhali wayar tana nan yadda take, wayar ce za ta riƙa zafi a inda ido ba ya gani, robarta ta bushe ta farfashe, wata rana a ji ƙauri. Na sha kwance soket ɗin kicin in tarar da bayansa ya yi baƙi ƙirin, roba na marmashewa a hannu, masu gida kuwa suna murna wuta ta daina yankewa. Kaurin waya shi ke yanke girman bireka.

Babban murhu mai oben layinsa daban, tun daga akwatin rabon wuta, ba ya tarayya da kowa. Galibi waya mai milimita 6 (faɗin bakin ƙarfenta a murabba'in milimita) ake ja masa da bireka mai amp 32, in kuma ya fi haka ci ko nisan ya yi yawa, a koma milimita 10 da amp 40 ko 45. Shi ya sa nake so ki zaɓi murhun tun yanzu ko da ba ki saya ba, ki kai wa mai wayarin lambobinsa. A sa masa makunni a gefe, inda hannunki zai kai ba tare da kin miƙa ta saman tukunya ba.

Soket ɗin saman kantar kicin a raba su layi biyu, kowanne da waya mai milimita 2.5 da bireka mai 20, don buta ta zauna a ɗaya, ta ɗumama abinci a ɗayan. A Amurka ma, inda wutarsu bolt 120 ce, ƙa'ida ta wajabta aƙalla layi biyu masu amp 20 don waɗannan soket ɗin. Kuma a yawaita su. Soket shida a bango sun fi biyu da ekstenshan a rataye, domin ekstenshan komai yawan bakinsa amp 13 ne iyakarsa, ko ƙasa da haka.

Firiji da firiza ba su da ci sosai, sai fizgar da suke yi lokacin tashi. Amma ina ware musu layi saboda wani dalilin: in wani abu ya kayar da bireka kina wajen aiki ko kin yi tafiya, kada ki dawo ki tarar da kaya sun narke. Fitilu ma nasu daban, milimita 1.5, don kada ki tsinci kanki cikin duhu da tafasasshen ruwa a hannu. Hitar ruwa, in za a sa, ita ma layinta daban.

Kicin wuri ne na ruwa da jiƙaƙƙen hannu, don haka kada ki yarda a bar wayar ƙasa, wato waya ta uku da ke kai wutar da ta ɓalle zuwa cikin ƙasa. Wasu kan ja waya biyu su bar ta ukun don rage kuɗi, soket kuma yana aiki lafiya, sai ranar da jikin firiji ya ja mutum. A haɗa da na'urar RCD mai miliyamp 30, wadda ke yanke wuta cikin ƙiftawar ido in ta fara bi ta jikin mutum. Bireka ta yau da kullum ba ta wannan aikin. Soket kuma ya nisanci wurin wanke-wanke da aƙalla santimita 30.

Ranar da za a kawo waya, ki sa a kankare bakin ɗaya da wuƙa a gabanki. In ja ne har ciki, jan ƙarfe ne. In fari ya leƙo, alminiyam ne aka yi wa rufi, kuma ba zai ɗauki amp ɗin da na lissafa ba. Idan mai wayarin ya gama, ya rubuta sunan kowane layi a murfin akwatin, ya bar gurbin bireka biyu babu kowa, saboda kayan da za ki saya nan gaba.