Zan iya ɗora wa Humvee ɗina injin zamani?

Tambaya: Malam, na sayi tsohuwar Humvee samfurin M998 daga cikin waɗanda sojojin Amurka suka yi gwanjo. Injinta na dizal mai lita 6.2 ya buga, kuma tun kafin ya buga tana yawan ɗaukar zafi. Wasu sun ce in sa inji mai lita 6.5 mai tobo, wasu sun ce injin Duramax. Akwatin lantarkin motar zai karɓi sabon injin? Kuma zafin zai tafi idan na canza?

Amsa: Bari in fara da ta ƙarshe. Zafin ba zai tafi don ka canza inji ba, sai ma ya ƙaru, domin inji mai ƙarfi ya fi fitar da zafi. Abin da ya dafa tsohon yana nan yana jiran sabon.

Lagireton Humvee ba a tsaye yake ba kamar na sauran motoci. A kishingiɗe yake, kuma an ɗora masa na'urar sanyaya baƙin mai da man giya a samansa. Ƙasa da ganye da busasshen taɓo suna taruwa a tsakaninsu, inda ido ba ya kaiwa. Na sha ganin mutum ya sayi sabon famfon ruwa da tamostat, alhali ɗaga na saman kawai zai yi ya wanke tsakani. Daga nan sai fanka. Kulocinta da matsin man sitiyari yake aiki: matsin ne ke sakin fankar, idan ruwa ya kai kusan digiri 220 a ma'aunin Farenhait, wato wajen 104 a Salshiyos, sai a yanke matsin ta kama da ƙara mai ƙarfi. Saboda haka ganin allura a 220 ba abin tashin hankali ba ne, matuƙar ka ji fankar ta yi ruri allurar ta sauko. In ba ka ji ba, cire filogin ƙaramin akwatin da ke jinkirta fankar. An tsara ta yadda idan wuta ta yanke za ta kama dindindin. In ta kama, laifin na lantarki ne ko na makunnin zafi. In ta ƙi, duba bawul ɗin da ke sarrafa matsin man, da kulocin kansa. Kuma ka tabbata an fitar da iska daga hanyar ruwa bayan kowane aiki.

Batun akwati kuwa, wanda ke cikin motarka ba kwamfutar inji ba ce. Aikinsa kunna hita filogi, masu ɗumama silinda kafin a tayar da inji, da kula da kik, shi ke nan. Injin 6.2 da 6.5 na soja suna amfani da famfon mai na Stanadyne DB2, wanda ba ya buƙatar kwamfuta. Shi ya sa 6.5 na soja ke zama a gurbin 6.2 ba tare da rigima ba. Amma cire kan batir kafin ka taɓa filogin akwatin nan, ba ya yafe ganganci.

Inda mutane ke faɗawa rami shi ne sayen 6.5 daga motar farar hula. Humvee volt 24 take amfani da shi, su kuma 12. Hita filoginsu da solenoyid ɗin kashe mai za su ƙone nan take. Sannan daga 1994 yawancinsu sun koma famfon DS4 mai lantarki, wanda ke buƙatar kwamfutarsa, kuma ƙaramar na'urar da ke manne a jikinsa ta yi ƙaurin suna wajen mutuwa saboda zafi. Ka kuma guji bulok ɗin masu tobo na ƙarshen shekarun 1990, da yawa sun tsage a silinda ta takwas, can baya inda zafi ya fi taruwa. Wanda kamfanin General Engine Products ya ƙera daga baya, mai suna Optimizer 6500, an gyara wannan rauni a cikinsa.

Giyarka ta asali mai hawa uku ce, TH400, ba ruwanta da kwamfuta. In ka koma 4L80E mai hawa huɗu, dole ka samo kwamfutar giya da na'urar da ke faɗa mata nisan da ka taka totur, kuma volt 12 kwamfutar take ci. Kada ka ja wutar kai tsaye daga ɗaya cikin batura biyun motar, domin ɗayan zai riƙa cika fiye da kima, ɗayan yana ramewa, har su mutu tare. Ka sa altaneta mai fitar da wuta biyu, ko na'urar rage 24 zuwa 12.

Duramax mai lita 6.6 inji ne mai kyau, ana kuma sa shi a Humvee. Sai dai ba inji kaɗai za ka saya ba. Kwamfutarsa tana son ta ji muryar kwamfutar giya, da totur na lantarki, da tsarin hana sata, kuma in ba a sake mata tsari ba sai ta ƙi tayar da motar ko ta rage mata ƙarfi. Ga na'urar sanyaya iskar tobo da za ka nema wa wuri a gaban da tuni ya cushe, ga ɗaga bodi don injin ya shiga. Aikin yakan ci fiye da kuɗin motar.

Da ni ne, 6.5 na soja zan sa. Marar tobo yana ba da ƙarfin doki wajen 160, mai tobo 190, naka kuwa 150 ne. Mai tobon zai sa ka canza murfin inji na cikin gida da salansa, tunda tobon a bayan inji yake zaune. Kafin injin ya iso, kai lagireton a buɗe a wanke cikinsa, ka gwada fankar.