Mulkin Soja da Mulkin Kama-Karya a Jarrabawar WAEC

Ƙanena na Agege, kana tambaya ko za ka iya rubuta mulkin soja da mulkin kama-karya a matsayin abu ɗaya a takardar Government. A'a, kada ka haɗa su. Mulkin soja yana bayyana waɗanda ke riƙe da iko ne da hanyar da suka hau, wato juyin mulki. Kama-karya kuwa yanayin ikon ne: mutum ɗaya ko 'yan tsiraru suna yin yadda suka ga dama, babu majalisa ko kotu ko zaɓe da zai taka musu burki. Misalin ɗan kama-karya shi ne Hitler: ba da tankar yaƙi ya hau ba, naɗa shi aka yi shugaban gwamnatin Jamus a Janairun 1933, a watan Maris majalisa ta miƙa wa gwamnatinsa ikon yin doka ba tare da majalisar ba.

Inda ɗalibai ke zubar da maki shi ne jera sunayen shugabanni babu bayani. Mai duba takarda yana son siffa, sannan misali mai shekara. Idan ka rubuta dakatar da tsarin mulki, kawo abin da ya biyo bayan juyin mulkin 15 ga Janairu 1966 a Najeriya. Idan toshe bakin jarida ne, kawo Doka ta 4 ta 1984 wadda aka ɗaure 'yan jarida biyu na jaridar Guardian da ita. Daga Barikin Dodan, nan kusa da Obalende a Legas, sojoji suka riƙa fitar da irin waɗannan dokoki kafin a koma Abuja a Disambar 1991.