Amsa kan atisayen lissafin GMAT

Assalamu alaikum, jama'ar zaure. Ƙanena, na saurari saƙon da ka turo jiya da dare, inda kake son a faɗa maka tambayoyin lissafi nawa ya kamata ka riƙa warwarewa a kullum kafin ka zauna jarrabawar GMAT, wato jarrabawar neman shiga karatun digiri na biyu a fannin kasuwanci, da kuma littafin da za ka saya. Ni dai abin da na ji a muryarka shi ne rabonka da lissafi tun WAEC, ka gwada tambayoyin gwaji ka ga suna kayar da kai, shi ya sa kake neman a ba ka wani adadi ka riƙe don hankalinka ya kwanta. Ba zan ba ka adadi ba, domin wanda ya yi tambaya 50 a rana bai tsaya ya duba dalilin faɗuwarsa ba, gobe ma a wuri guda zai sake faɗuwa.

Ka fara sanin abin da za ka tarar. Tun da GMAC, hukumar da ke shirya GMAT, ta fito da sabon tsarin jarrabawar a ƙarshen 2023, ta kuma janye tsohon a farkon 2024, sashen lissafi tambayoyi 21 ne cikin minti 45, wato minti 2 da 'yan daƙiƙoƙi ga kowace tambaya, kuma babu kalkuleta. Abin da ke ciki lissafin sakandare ne, kamar kashi cikin ɗari, rabo, matsakaici, aljabara da halayen lambobi. Kwamfutar tana bin sawunka ne, idan ka amsa daidai ta miƙo maka wadda ta fi tsauri, don haka jin cewa tambayoyin suna ƙara wuya a ɗakin jarrabawa ba alamar faɗuwa ba ne. Abin da ke cin maki sosai shi ne lokaci ya ƙare ka bar wasu ba ka amsa ba.

Ga misalin da nake bai wa kowa, waɗanda suka daɗe a zauren nan su yi haƙuri, na san sun gaji da jinsa. Direba ya tafi wani gari yana gudun kilomita 60 a awa, ya dawo ta wannan hanyar yana gudun kilomita 40 a awa, sai a ce mene ne matsakaicin gudunsa a tafiya da dawowa. Ido yana ganin 60 da 40 sai baki ya ce 50, kuma ka tabbata 50 tana zaune cikin zaɓi biyar ɗin tana jiranka. Amsar 48 ce. Ba a faɗi nisan hanyar ba, to kai ka zaɓi nisan da 60 da 40 duk za su raba ba saura, wato kilomita 120. Tafiya ta ci awa 2, dawowa ta ci awa 3, ya yi kilomita 240 cikin awa 5, ka raba ka samu 48. Dalilin shi ne ya fi daɗewa a kan hanya lokacin da yake tafiya a hankali, saboda haka 40 ta fi jan matsakaicin zuwa wajenta. Sanya kowane nisa ka ga dama, 48 za ta fito. Amma da an ce ya yi awa ɗaya yana gudun 60, ya yi wata awar yana gudun 40, to a nan 50 ce daidai, domin lokacin ne ya zo ɗaya maimakon nisan.

A kan wannan tambayar muka taɓa yin sa-in-sa da wani mai koyarwa a wata cibiyar share fagen jarrabawa da ba zan kama sunanta ba. Ya rubuta 50 a allo, aka nuna masa lissafin awa 2 da awa 3, ya ce shi ya fi shekara goma yana koyarwa. Na ce masa shekarunsa ba za su rage wa direban nan awa ukun dawowa ba. Har aka tashi bai goge allon ba, kuma mutane sun biya kuɗi masu kauri suna kwafar 50 a littattafansu. Cibiyar ce kuma daga baya na ji tana ɓata wa ɗalibai makonni a kan kusurwoyi da da'ira daga tsohon littafi, alhali an riga an cire wannan fannin daga sashen lissafi. Har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci, amma mu bar wannan.

Bari in gyara wata magana kafin wani ya kama ni da ita. Da na ce babu kalkuleta, sashen lissafi kaɗai nake nufi. A sashen nazarin bayanai, mai tambayoyi 20 cikin minti 45, akwai kalkuleta a jikin allon kwamfutar, kuma can aka mayar da tambayoyin nan da ake ba ka bayani biyu a ce ka faɗi ko sun wadatar a samu amsa. Idan littafin da ka gani a kasuwa ya cusa su cikin sashen lissafi, ko yana maganar tambayoyi 31 cikin minti 62, tsohon yayi ne, ajiye shi. Nemi littafin da GMAC ta wallafa da kanta, bugu na baya-bayan nan, domin tambayoyinsa daga ainihin jarrabawar aka ɗebo su.

Yadda za ka yi atisayen kuwa, ka ware littafin rubutu guda. Duk tambayar da ka faɗi, da wadda ka ci bisa canki-canka, ka rubuta ko ƙa'idar ce ba ka sani ba, ko karatun tambayar ne ka yi cikin gaggawa, ko lokaci ne ya matse ka. Bayan mako biyu za ka ga kurakuranka sun taru a wurare kaɗan, sai ka tare a kansu. Makonnin farko ka yi ba agogo har hannunka ya faɗa, daga nan ka riƙa zama da tambayoyi 21 da agogon minti 45, wayarka tana wani ɗaki. Ka koyi sakin tambayar da ta haura minti 3 ba ta buɗe ba: zaɓi amsar da ta fi kusa, sa mata alama, ka wuce, domin idan lokaci ya rage ana barinka ka koma ka canza amsoshi har uku a kowane sashe.

Akwai cikakkun jarrabawar gwaji guda biyu kyauta a shafin mba.com. Yi ɗaya yanzu don ka san inda kake, ka adana ɗayar sai lokaci ya matso. Kada makin ya razana ka idan ka kwatanta da na yayyenka da suka yi tsohon tsari, domin ma'aunin yanzu daga 205 ne zuwa 805, kuma 645 a sabon ta yi daidai da kusan 700 a tsohon.

Na so in yi maganar farashin da aka ƙara wa kashi 20 cikin ɗari aka kuma rage masa kashi 20 cikin ɗari, amma saƙon ya yi tsawo. Ka ɗauki 100 ka lissafa da kanka, ka turo mini amsar a nan zauren tare da tambayoyi uku da suka kayar da kai a makon nan, kowacce da mintin da ta ci maka.