Amsa ga 'yar'uwar da aka tare da Matiyu 5:17 a wurin aiki

Salama a gare ku duka. 'Yata, na ga tambayarki tun jiya. Kin ce abokiyar aikinki a shagon ɗinki ta kawo miki Matiyu 5:17, inda Yesu ya ce bai zo domin ya shafe Attaura da annabawa ba sai dai ya cika su, ta ce to don me Kirista suke cin alade, suke sujada ran Lahadi maimakon Asabar, ta kuma ƙara da cewa Bulus ne ya sauya addinin. Kin ce bakinki ya mutu. Ba ke kaɗai ba ce. Na daɗe ina koyar da ajin baftisma, kuma wannan tambaya ba ta taɓa fashin shekara, wani lokaci ma daga bakin 'ya'yan fastoci take fitowa.

Kada ki ji haushin abokiyar taki. Tambayar tana da nauyi, manzanni ma sai da suka yi zama a kanta.

Ga yadda nake fara wa 'yan ajina. Saurayin da aka yi masa baiko yana da ƙa'idodinsa: ya zo zance da yamma, ya tsaya a zaure, ya aika yaro ya yi masa sallama da yarinya, ya kai toshi, kada ya kuskura ya leƙa ɗakinta. Ranar da aka ɗaura aure, tsayuwar zaure ta ƙare. Wa zai ce ya karya baiko? Wanda ya karya baiko shi ne wanda ya aika a dawo masa da kayansa. Wannan kuwa cika alkawari ya yi. Amma riƙon amana da girmama surukai ba su tafi da zaure ba, sai ma nauyi da suka ƙara. Haka muka fahimci maganar Yesu: Shari'ar Musa, wato Attaura, tana da inda ta dosa, a wurinsa kuma ta isa.

Ɗauki hadayu. A Littafin Firistoci sura 16, babban firist yana shiga Wuri Mafi Tsarki sau ɗaya a shekara, Ranar Kafara, da jinin bijimi da na bunsuru. Baɗi ya sake, baɗin baɗaɗa ya sake. Marubucin Ibraniyawa a sura 10 ya ce maimaitawar nan ita kanta shaida ce cewa jinin dabba bai iya kawar da zunubi ba, kuma Almasihu ya miƙa kansa sau ɗaya tak. Tun da Romawa suka rushe Haikalin Urushalima a shekara ta 70, Yahudawa da kansu ba su ƙara miƙa waɗannan hadayu ba. Malamansu sun ƙidaya dokokin Attaura 613, kuma da yawa daga ciki ba sa yiwuwa sai da Haikali.

Zancen abinci kuwa, ki buɗe Firistoci sura 11 ki karanta duka, kada ki tsaya a kan alade. An hana raƙumi, an hana zomo da rema, an hana duk kifin da ba shi da ɓawo, wato tarwaɗa ta fita ke nan. Fara ce aka halatta. Saboda haka duk mai shan farfesun tarwaɗa ko cin naman raƙumi ba dokar abincin Musa yake bi ba, ko da alade bai taɓa shiga bakinsa ba. Ki faɗa mata wannan cikin raha, ba da gatse ba. Waɗannan dokoki an ba Isra'ila ne domin su bambanta da al'ummai da ke kewaye da su. A Markus 7 Yesu ya ce abin da ke fitowa daga zuciya ne ke ƙazantar da mutum, ba abin da ya shiga ciki ba.

Batun Bulus ne ya fi ba ni mamaki, domin Ayyukan Manzanni a fili yake. Wanda ya fara shiga gidan Ba'al'umme, wato wanda ba Bayahude ba, ya yi baftisma shi ne Bitrus, a gidan Karniliyas, sura 10. A sura 15, wajen shekara ta 49, aka taru a Urushalima a kan ko dole ne al'ummai su yi kaciya su bi Shari'ar Musa. Bitrus ne ya miƙe ya ce kada a ɗora musu karkiyar da su da kakanninsu suka kasa ɗauka, ta alherin Ubangiji Yesu ne kowa zai tsira. Yakubu ɗan'uwan Ubangiji ne ya yanke magana, ya kuma kafa hujja da annabi Amos. Abu huɗu aka rubuta wa al'ummai su guje wa: abin da aka yanka wa gumaka, da jini, da abin da aka maƙure, da fasikanci. Bulus da Barnaba suna cikin waɗanda suka kai wasiƙar Antakiya.

Kuma alheri bai fara daga Sabon Alkawari ba. A Farawa 15 Ibrahim ya gaskata Allah aka lasafta masa adalci, kaciya ba ta zo ba sai a sura 17, Shari'a kuwa sai bayan shekara 430 kamar yadda Galatiyawa 3:17 ta faɗa. Irmiya, wajen shekara 600 kafin haihuwar Yesu, ya ce Allah zai yi sabon alkawari wanda ba irin na fitowa daga Masar ba, zai rubuta dokarsa a zukata (31:31-34). Shi ne alkawarin da Yesu ya ambata da ya ɗauki ƙoƙo a jibinsa na ƙarshe.

Inda matasanmu suke zamewa shi ne su ɗauka alheri sassauci ne. Ki ci gaba da karanta Matiyu 5 ɗin nan da aka kawo miki. Kisa ya koma fushi, zina ta koma kallon sha'awa, ƙaunar maƙwabci ta kai har ga maƙiyi. Akwai wani magidanci da ya zauna a ajina bayan an ƙone masa shago a wani rikici. Ranar da muka kai aya ta 44 sai ya rufe Littafinsa, ya ɗora hularsa a kai, ya ce, "Malam, ni dai a bar ni da ido maimakon ido, ta fi mini sauƙi." Babu wanda ya yi dariya. Gaskiya ya faɗa, ta fi sauƙi. Ya yi makonni bai dawo ba, da ya dawo kuma bai ce ya gama yafewa ba, cewa ya yi ya fara iya ambaton mutanen a addu'a. Titus 2:11-12 ta ce alherin ne da kansa yake horon mu mu ƙi rashin tsoron Allah.

Mu ma dattawa muna da namu. Mukan ɗauko Maimaitawar Shari'a 22:5 mu hana mata wando, alhali aya ta 11 ta hana sa tufar da aka haɗa ulu da lilin, aya ta 8 kuma ta ce a yi wa rufin soro katanga. Ban taɓa jin an dakatar da kowa daga Jibin Ubangiji a kan waɗannan ba. Haka wanda zai ce muna ƙarƙashin alheri in ana zancen abinci, amma in aka zo zakka sai ya zaro la'anar Malakai 3. Ni ina ba da zakkata, ina kuma koya wa mutane su bayar, amma da 2 Korintiyawa 9:7 nake koyarwa, ba da barazana ba.

Asabar a taƙaice: almajirai sun riƙa taruwa a ranar farko ta mako domin ranar tashin Yesu ce (Ayyukan Manzanni 20:7), Kolosiyawa 2:16 kuma ta ce kada a hukunta kowa a kan Asabar. In ta ce sarki Kustantin ne ya kawo Lahadi a 321, Jastin Mai Shahada, wani marubucin Kirista na farko-farko, ya bayyana taron Lahadi tun wajen shekara ta 150. 'Yan'uwanmu na cocin Adbentis, irin na garin Jengre a jihar Filato, suna riƙe da Asabar har yau. Mun saba da su a nan, ba ma gaba.

Game da annabci, akwai wanda yake kai tsaye, kamar Baitalami a Mika 5:2, da sarki a kan jaki a Zakariya 9:9, da bawan da aka soke saboda laifofinmu a Ishaya 53. A 1947 aka samu naɗaɗɗen littafin Ishaya a kogon Kumran kusa da Tekun Gishiri, wanda aka kwafa fiye da shekara ɗari kafin haihuwar Yesu, surar kuma tana ciki. Amma ki sani Yahudawa da yawa suna fassara bawan nan da al'ummar Isra'ila, kada wani ya ba ki mamaki da shi. Akwai kuma wani irin cikawa dabam. Yusha'u 11:1 zancen fitowar Isra'ila daga Masar take yi, amma Matiyu ya ɗora ta a kan Yesu, domin yana ganin Yesu ya sake bin sawun Isra'ila, ta ruwa da jeji da gwaji, ya tsaya a inda suka faɗi. Saura dawowarsa, wadda ya ce ba wanda ya san ranarta. Wani mai wa'azi a Amurka, Harold Camping, ya sa ranar 21 ga Mayu 2011 a matsayin ranar dawowar, ga mu nan har yau.

Sai shawara ɗaya a kan aladen nan. Muna da wata mama a zumuntar mata wadda ko warinsa ba ta iya ji, saboda gidan da ta tashi, kuma ba mu taɓa cewa bangaskiyarta ta gaza ba. In ana biki, tukunyarta dabam ake ɗorawa, da ludayinta dabam. Romawa 14 ke nan. Ke ma in kina ci, ki bar shi a gida, kada ki kai shi shagon da kuke cin abinci a kwano ɗaya. Ki karanta Ayyukan Manzanni 15 da Galatiyawa 3 kafin Litinin, in wata aya ta tsaya miki ki turo ta nan mu duba tare.