Gyaɗa ta taɓa kumbura min yaro, shin in hana ƙanwarsa ita ma?

TAMBAYA: Assalamu alaikum likita. Ɗana mai shekara 3 ya sha kunun gyaɗa wata biyu da suka wuce, nan take leɓɓansa suka kumbura, borin jini ya feso masa, ya yi amai, numfashinsa yana fita da ƙara. Mai kemis ya yi masa allurar deksa ya ba shi Piriton, ya warware. Yanzu mun sayi magungunan mun ajiye. Surukata ta ce a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan zai saba. Ga kuma ƙanwarsa mai wata 5 tana fama da kirci. Tsoro ya hana ni barci. In hana ta gyaɗa gaba ɗaya?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ƙara wa yaro lafiya. Yaran nan biyu hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Ita jaririyar, hana ta gyaɗa ba kariya ba ce. Likitocin yara a Amurka sun taɓa ba da irin wannan shawara a 2000, cewa a jinkirta har shekara 3, suka janye ta a 2008. Abin da ya kawo ƙarshen gardamar shi ne binciken LEAP da Farfesa Gideon Lack ya jagoranta a Landan, wanda ya fito a 2015. An ɗauki jarirai 640 masu wata 4 zuwa 11, duk masu tsananin kirci ko waɗanda ƙwai ke tayar wa jiki. Rabi aka hana su gyaɗa, rabi aka riƙa ba su duk mako har suka cika shekara 5. Cikin waɗanda aka hana, kusan 17 cikin 100 jikinsu ya ƙi gyaɗa. Cikin masu ci, kusan 3 ne kawai.

Amma tunda tana da kirci, wanta kuma jikinsa ya ƙi gyaɗa, kada ki fara a gida. Likitan yara ya duba ta tukuna, ya yi gwajin fata ko na jini in akwai, in babu a yi ɗanɗanon farko a gabansa. Ki ci gaba da nono zalla har wata 6. In an ba ki izini, ki dama cokalin shayi 2 na gyaɗa mai laushin niƙa a cikin kununta, ki lasa mata kaɗan, ki jira minti 10, sannan ki ba ta sauran, ki sa mata ido na awa 2. Daga nan sau 3 a mako, ba a yankewa. Ƙwayar gyaɗa da ƙuli-ƙuli mai tauri ba na ƙaramin yaro ba ne, shaƙewa suke jawowa.

Shi kuwa babban, ki gaya wa Hajiya surukarki cikin ladabi cewa a'a, ba a ba shi kaɗan-kaɗan. Masu binciken LEAP kansu sun cire duk jaririn da gwajin fatarsa ya kumbura fiye da milimita 4, domin binciken na rigakafi ne, ba na warkar da wanda ciwon ya riga ya kama ba. Inda ake saba wa jiki a asibitocin ƙasashen waje, da rabin miligiram ake farawa, likita na tsaye. Ƙwayar gyaɗa guda ta ninka wannan sau ɗaruruwa.

Yanzu ga abin da ya fi tayar min da hankali a wasiƙarki: deksa da Piriton ɗin da kika ajiye. Abin da kika kwatanta, kumburi da amai da numfashi mai ƙara a lokaci guda, shi ake kira anafilaksis, kuma ba waɗannan magunguna ne suka ceci ɗanki ba. Allah ne ya yi da sauran kwana. Yawancin irin wannan tashin yakan lafa da kansa, jiki ya saki nasa adirenalin, wato sinadarin da ke buɗe hanyar numfashi ya tayar da jini, ya danne shi, sai mai kemis ya kwashi yabon. Deksa da danginta irin su haidirokotizon, magungunan rage kumburi, sai bayan awoyi suke fara aiki. Piriton ƙaiƙayi da borin jini yake kwantarwa, ba ya buɗe maƙogwaron da ya kumbura, ba ya tayar da jinin da ya faɗi. Ƙari a kan haka yana sa barci, sai uwa ta ga yaro ya yi luf ta ce sauƙi ya samu, alhali suma yake shirin yi.

Dubi lissafin lokacin. Dakta Richard Pumphrey ya bi diddigin waɗanda anafilaksis ya kashe a Birtaniya, ya wallafa sakamakon a 2000. In abinci ne sanadi, matsakaicin lokacin da numfashi ko zuciya ke tsayawa minti 30 ne. Maganin da zai yi aiki bayan awa 4, me zai tsinana a cikin minti 30? Shi ya sa hukumar farfaɗo da marasa lafiya ta Birtaniya ta cire irin su deksa daga matakan farko a ƙa'idarta ta 2021. A nan kuwa har yau wasu ma'aikatan lafiya da suka yi karatu, ba masu kemis kaɗai ba, hannunsu haidirokotizon yake fara kaiwa, suna tsoron adirenalin kamar guba. Wannan tsoron ne ke kashe yara, ba allurar ba. Kada kuma wani ya ce miki tunda wancan karon ya zo da sauƙi, na gaba ma haka zai zo. Mura, asma da ba a kula da ita ba, guje-guje bayan cin abinci, ko yawan abin da ya ci, kowanne na iya mayar da na gaba mafi muni. Manja da madara da ake ɗura wa yaro a wannan hali su ma ba sa komai, sai dai su bi ta hanyar iska su sarƙe shi.

Maganin guda ɗaya ne: adirenalin, mai ƙarfin miligiram 1 a kowace mililita, a tsokar cinya ta gefen waje. Yaro mai wata 6 zuwa shekara 6 mililita 0.15, mai shekara 6 zuwa 12 mililita 0.3, sama da haka 0.5. In babu canji bayan minti 5 a sake. Ba a tura wannan ƙarfin kai tsaye a jijiya. Yaro ya kwanta a ɗaga ƙafafunsa, in numfashi ya yi wuya a kishingiɗar da shi, amma kada a tsayar da shi ko a sa shi tafiya, domin jini kan gudu daga zuciya farat ɗaya. Ko ya warware a tafi asibiti ya zauna awoyi, saboda abin kan dawo karo na biyu.

Allura mai harba kanta irin EpiPen tana da wuyar samu a wajenmu, ga tsada. Don haka ki koma wurin likitan yara a wannan makon, ya rubuta miki takardar abin da za a yi da adadin da ya dace da nauyin ɗanki, ya yanke ko za a koya miki zuƙo allurar daga kwalba. Ki tambayi asibiti mafi kusa da gidanku ko suna da adirenalin a ajiye, tun kafin ranar buƙata. Kwafi ɗaya na takardar ki kai makarantarsa, ɗaya gidan kakanni. Ki lissafa musu abincin da suna, domin mutane ba sa ganin gyaɗa a yajin tsire, kilishi, dakuwa, miyar taushe da kwaɗon zogale. Har man gyaɗa na matsar gida yana ciki, tunda ba a tace shi yadda zai rabu da abin da ke tayar da jikin ba.