Tambaya da Amsa: Ya san lissafi, amma bakinsa a ɗaure

Tambaya: Ina koyarwa a sashen injiniyan gine-gine na wata jami'a. Kamfanonin da ke ɗaukar ɗalibanmu sun sha cewa yaran sun san lissafi, amma ba su iya rubuta rahoto ko yi wa ma'aikata bayani ba. Mu ƙara kwas na musamman a kan iya mu'amala ne? (Wani malami, Kano)

Amsa: Malam, ai kwas ɗin yana nan tun tuni, wato darasin Turanci da sadarwa na shekarar farko. Ɗalibi ya haddace, ya ci jarrabawa, ya manta. Ƙara wani irinsa ɓata alli ne. A sa maki a kan magana da rubutu a cikin kwasa-kwasan injiniyancin kansu, domin inda maki yake, nan ɗalibi ke sa ƙarfinsa. Kuma yanzu abin ya wuce na ganin dama: a 2023 COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, ta zama cikakkiyar mamba a Washington Accord, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan ingancin digirin injiniya, wadda ta sa iya sadarwa da aiki cikin rukuni a jerin abin da mai digirin injiniya zai fita da shi.

A ɗakin gwaje-gwaje, ka raba su huɗu-huɗu. In rukuni ya wuce mutum biyar, biyu ne za su yi aikin, sauran su ce "a sa sunana". Mai awo, mai lissafi, mai rubutu, mai duba kuskure, kuma a riƙa juyawa a kowane gwaji. Wanda zai tsaya gaban aji ya yi bayanin minti biyar kuwa, ƙuri'a za a jefa a ranar, don kada kullum a turo mai baki. Makin a kasa shi haka: 60 na ingancin aikin, 20 na rahoto, 10 na bayani, 10 kuma abokan rukuni su bayar a asirce. A nan ake samun tangarɗa, don za su haɗa baki kowa ya ba kowa cikakken maki. Maganinsa, ka ba kowane ɗalibi maki 10 ya raba wa abokansa uku ba tare da ɓalle lamba ba. Goma ba ta rabuwa uku daidai, dole ya fifita wani. In ajin ya kai mutum 200, rukuni 50 ke nan, sai a saurari goma a kowane mako.

Gwajin da muka fi so shi ne wannan. Ka ce wa ɗalibi ya bayyana kwaɓin kankare na 1:2:4 da Hausa, kamar ga birkilan da ya haife shi. Amsar ita ce buhun siminti ɗaya, kwanon sarki huɗu na yashi, takwas na tsakuwa, tunda buhu guda kwano biyu ne. Sai ka zama birkilan, ka ce za ka ƙara ruwa don kwaɓin ya yi saurin zuba. Ɗalibin ya san ruwa in ya yi yawa ƙarfin kankare raguwa yake. Abin dubawa shi ne ko zai iya hana dattijon ba tare da ya kunyata shi gaban leburorinsa ba.

Tambaya: Zan tafi SIWES, wato horon sanin makamar aiki da ɗalibai ke yi a masana'antu, na wata shida. Me zan yi don kada in dawo hannu rabbana? (Wata ɗalibar injiniyan lantarki, Zariya)

Amsa: Ƙanwarmu, ITF, hukumar horas da ma'aikatan masana'antu ta gwamnatin tarayya, ta fara wannan shiri ne a 1973 don ɗalibi ya taɓa aiki da hannunsa kafin ya gama, amma da yawa sai makon ƙarshe suke zama su cike logbuk, wato littafin rubuta aikin kullum, da abin da suka tuna. Ki rubuta naki kullum, layi uku: me aka yi, me ya lalace, yaya aka gyara. A mako na biyu ki roƙi mai kula da ke ya ba ki ƙaramin aiki naki na kanki, ko da karanta mita ne kowace safiya. Ki riƙa gaida masu gyara da kyau, su ne suka san halin kowane inji. In kika ɓata wani abu, ki faɗa nan take: abin da ya faru, da yaushe, da matakin da kika ɗauka. Ɓoyon laifi ya fi laifin zubar da mutum a wurin aiki.

Tambaya: Sau uku ina zuwa intabiyu, da an ce in ba da labarin wata matsala da na warware sai kaina ya ƙulle. (Mai digirin kimiyyar sinadarai, Sakkwato)

Amsa: Ɗan'uwa, ka zaɓi labarai uku daga aikin binciken shekarar ƙarshe, da SIWES, da hidimar ƙasa. Kowanne ya ƙunshi matsalar, da abin da kai ka yi, da sakamakon, cikin minti biyu. Ka naɗi muryarka a waya ka saurara, ka ƙirga sau nawa ka ce "mun yi" a inda ya kamata ka ce "na yi". Ka maimaita har labarin ya zauna, amma kada ka haddace shi kalma bi kalma, don tambaya ɗaya ta tsakiya za ta watsa haddar.